Ambulan Mai Jan Hatimi

Shafi na 27

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, masu cewa Mai Biro ta cika sanyin jiki, da masu rantsuwa sun gano ɓarawon tun shafi na goma, to ku gyara zama. Kuma kar in ji wani ya ce "ai dama na faɗa".

*

Har Mai Biro ta shiga bas, muryar matar nan ta ofishin ɗaukar ɗalibai ba ta bar kunnenta ba.

"Wa ya ce miki makarantar kasuwanci ta ƙi ki? Sau biyu muna kiran ki ganawa, ke ce ba ki zo ba. Wannan na uku ne, daga shi kuma mun rufe fayil ɗinki. Gobe, sha ɗaya na safe. Ki zo da takardar da muka aika miki mako biyu da suka wuce, mai jan hatimi. In babu ita, ko maigadi ba zai bar ki ki wuce ba."

Ta so ta ce ba ta taɓa ganin takarda ko ɗaya ba. Harafin farko ya maƙale mata a maƙogwaro kamar kullum, ta yi ta kokawa da shi har matar ta fara duba agogo. Dole ta ciro ɗan littafinta da biro, abin da ya jawo mata sunan Mai Biro tun tana firamare, ta rubuta: *A taimaka a ba ni wata.*

Matar ta girgiza kai.

"Ba ma buga ta sau biyu. Je ki nemo wanda ya karɓa."

Wanda ya karɓa!

Shekara uku ke nan tana tsaye a layin yankan sabulu na Kamfanin Tsani, tana karatu a lokacin da 'yan'uwanta ke hutun cin abinci, tana tsayawa gaban madubi tana koya wa bakinta faɗin sunanta ba tare da ya karye ba. Duk shekara ta cike takarda, duk shekara shiru. Ita kuwa ta ɗauka shirun nan amsa ce: wa zai ɗauki mai in'ina ya koya mata shugabancin kamfani? Ashe ana kiran ta, wani ne yake tare ƙofa.

Ta ɗaga kai, idonta ya sauka a kan hoton tsani da ke manne a bayan kujerar gabanta. Bas ɗin na Kamfanin Tsani ne. Layin wayar da ke jakarta na Tsani ne. Sabulun da aka yi mata wankan farko da shi, sukarin shayinsu, simintin gidan da suke ciki, asibitin da mahaifiyarta ta cika, duk Tsani. Ko a sabon ɗakin taron makarantar da ta baro yanzu, ta ga tsanin nan a jikin bango, wai gudummawa. 'Yan unguwar ma'aikata suna da wata magana: in ka tsere wa Tsani da ranka, likkafaninka ma daga masaƙarsa zai fito.

To wane ne?

Ta fara da Rediyo, ƙawarta ta layin yanka, wadda ba ta iya riƙe magana ko ta minti biyar. Ita ce ta fi kowa tambayar "har yanzu shiru?" Tausayi ne ko bin diddigi? Sai ta koma kan Sakatariya ta ofishin manyan kamfanin, mai yi mata kallon sama da ƙasa duk ranar da ta hau bene. Har yayanta sai da ta saka a ciki, shi da ya taɓa ce mata ta bar wahalar da kanta. Kafin bas ya tsaya, babu wanda ta sani da ba ta shafa masa baƙin fenti ba, ban da mutum ɗaya.

*

Gidajen ma'aikatan Tsani ba su da sunan titi. Duk wanda zai rubuta adireshi, lambar aikin maigidan yake sawa, wasiƙa ta faɗa ɗakin wasiƙu na kamfani, mai lamba ya zo ya sa hannu ya ɗauka. Haka kowa ya tashi ya gani. Ita ma ba ta yi wani tunani ba ta rubuta 4417, lambar babanta, duk sau ukun.

Ɗakin wasiƙun yana ƙarƙashin matakala, ƙunci kamar akurki, bango duk ramukan katako masu lamba. Kawu Hatimi yana ciki, tsohon abokin babanta, tabarau a ƙarshen hanci, yana buga wa wasu takardu tambari. Da ya gan ta sai hannunsa ya tsaya a sama.

Ta lura da wannan tsayawar.

"A'a, 'yata! Yau ke ce a kogonmu? Ba aiki?"

"K-k-kawu, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya babanki? Ya hawan jinin?"

Ta buɗe littafinta ta rubuta, ta juya masa: *Wasiƙar makaranta, mai jan hatimi, lamba 4417. Wa ya karɓa?*

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, alhali ba abin da ya same shi.

"Wasiƙa ai da yawa take zuwa, 'yata. Ta wuta, ta ruwa, ta asibiti..."

"L-littafi."

"Wane littafi?"

Ta nuna babban littafin sa hannu da ke ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Ya ƙara danne shi.

"Wannan na kamfani ne. Ba a nuna wa kowa."

"K-k-kai ne?"

"Ni? Subhanallahi! Ni da na riƙe ki ranar da aka haife ki? Me zan yi da takardar boko, in jiƙa in sha?"

"To n-nuna."

"Yarinya, akwai abin da in ka tona, kai zai fara bugawa. Ki koma bakin aikinki."

Ba ta motsa ba. Abu ɗaya in'ina ta koya mata a duniya: jira. Ta kafe shi da ido, ta yi tsaye ƙiƙam, har wani masinja ya shigo ya ɗauki saƙo ya fita. Kawu Hatimi ya yi tsaki, ya miƙe.

"Ni zan je in kama ruwa. Ban nuna miki komai ba. In iska ta buɗe littafi, ba ruwana."

Yana fita ta jawo shi. Ta bi kwanan wata, ta koma baya mako biyu. Ga shi nan: 4417, ambulan ɗaya, makarantar kasuwanci. Ta kai ido wurin sa hannu, tana jiran ganin rubutun Rediyo mai kama da tafiyar kaza, ko na Sakatariya mai lanƙwasa.

Ba rubutu ba ne. Dangwale ne.

Babban yatsa, da shuɗin tawada, wani farin layi ya raba shi biyu daga sama har ƙasa.

Ta san layin nan. Tana 'yar shekara shida bel ɗin fankar mota ya tsaga yatsan, ita ta riƙe kwanon ruwan ɗumi ana wanke shi. Da wannan yatsan ake shafa mata kai duk ranar da aka yi mata dariya a makaranta.

Ta jawo littafin bara daga kan kanta. Layin yana nan. Na bara waccan ma, yana nan.

Innalillahi. Ta nemi kujera ta rasa, sai ta jingina da ramukan wasiƙu. Wallahi da Rediyo ce, da ta ji sauƙi.

*

Rana ta take tsaka lokacin da ta isa rumfar motocin manya. Baba Direba yana sunkuye yana goge ƙafar baƙar motar Manaja, hular kaki a kai, tsumma a kafaɗa. Shekara ashirin da tara yana tuƙa manyan Tsani, ko ƙwarzane bai taɓa jawo wa mota ba. Saura wata huɗu ya yi ritaya.

Ya ga inuwarta ya ɗago.

"Uwata! Kin dawo? Ya kika same su?"

Ba ta gaishe shi ba. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa tsayawa a kansa ba gaisuwa ba sai yau. Ta kamo hannunsa na dama, ta juya babban yatsan sama, ta riƙe.

Ya dubi yatsan. Ya dube ta. Tsumman ya zame daga kafaɗarsa.

"Hatimi ne ya nuna miki."

"B-b-baba. M-me na yi m-maka?"

"Uwata, zauna."

"S-sau uku!"

"Ki zauna, don Allah, mutane na kallo."

"S-su kalla!"

Kuka ya zo ya haɗu da in'inar, magana ta ƙi fita gaba ɗaya. Ta fizgo littafinta ta rubuta da ƙarfi har biro ya huda takarda, ta miƙa masa. Sai da ya karɓa ya tsura wa shafin ido, sannan ta tuna Baba ba ya karatu. Ya riƙe littafin kamar an ba shi garwashi. Duk da haushin da take ciki, kunya ta kama ta.

Ya zauna a bakin dakalin rumfar, ya cire hula.

"Ni na karɓa. Duka ukun. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"D-don me?"

"Kin tuna ranar muhawarar makarantarku? Da kika hau dandamali, magana ta ƙi, yara suka yi ta tafi suna kwaikwayon ki? Wata biyu ba ki ce ko 'a' ba a gidan nan. Uwarki tana da rai a lokacin, mu biyu muka yi ta fama. Yanzu ni kaɗai ne. Da ambulan ta farko ta zo, na ce in alheri ne, in zo miki da shi da gudu. In akasin haka ne, in san yadda zan tare. To ni ina zan sani? Sai na kai wa mai ilimi."

Ta matso kusa da shi.

"W-wa?"

Ya waiwaya ya dubi baƙar motar.

"M-manaja?"

"Wa nake da shi da ya fi shi? Kullum muna tare. Shi ya sa baki aka ɗauke ki aiki. A mota na miƙa masa, ya buɗe, ya yi ta karantawa har muka wuce shataletale biyu. Sannan ya ce, 'Baba Direba, sai haƙuri. Sun ce ba sa ɗaukar mai lalurar baki. Kar ka nuna mata, zai karya ta. Bar ta a wurina.'"

"K-ka yarda?"

"Har godiya na yi masa, Uwata. Har addu'a."

Ta runtse ido. Wani abu ya faɗo mata.

"W-waya fa? L-lambarka na sa."

Ita ba ta ɗaga kiran baƙuwar lamba, kowa ya sani. Kafin ta ce "salamu alaikum" an kashe. Shi ya sa a takardar makaranta ta rubuta lambar Baba.

"Sun kira. Ina kan tuƙi. Kin san dokar kamfani, direba ba ya taɓa waya mota na tafiya. Shi ya miƙo hannu daga baya ya amsa. Suka yi ta Turancinsu. Ya ce min masu tallar inshora ne."

Ta yi wata dariya mara daɗi. Inshora!

"Yau m-matar ta ce s-sun kira ni g-ganawa. Sau uku. B-ba su taɓa ƙi na ba."

Baba bai yi mamakin da ta zata ba. Ya sunkuyar da kai yana murza hular, wannan kuwa ya sake tayar mata da zargi.

"K-ka sani!"

"Ban sani ba. Na dai fara jin ƙai-ƙayi."

"Y-yaushe?"

"Wannan ta ukun. Na miƙa masa kamar yadda na saba. Ta farko ya buɗe. Ta biyu ya buɗe. Wannan ko juya ta bai yi ba, ya ce, 'Irin ta bara ce,' ya jefa a jaka. Ni ban yi boko ba, Uwata, amma shekara ashirin da tara ina kallon manya ta madubi. Na san fuskar mai karanta takarda, na san fuskar mai ɓoye ta. Ta yaya mutum zai san abin da ke cikin ambulan bai buɗe ba?"

"Sh-shi ne ka yi sh-shiru? Mako b-biyu?"

"Tsoro. In ce me? In ce wa Manaja maƙaryaci, a cikin motarsa, saura wata huɗu in ajiye aiki? Gidan da muke ciki na wa? Maganin da nake sha daga ina?" Ya share fuska da tafin hannu. "Amma da asuba da kika ce min za ki je makarantar da ƙafarki, na san ƙarya ta ƙare."

Ya miƙe. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga kai ya dubi tagogin bene na biyar. Sannan ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗa, ya zura hannu ƙarƙashin safaya.

"Ranar da aka ɗauke ni aiki, tsohon shugaban direbobi ya ce min abu biyu: direba ba shi da kunne a kan maganar oga, ba shi da hannu a cikin jakar oga. Ban taɓa karyawa ba. Yau da safe ya shiga banki ya bar jakar a kujera. Allah Ya yafe min."

Ya zaro ambulan. Fara, mai kauri, da jan hatimi.

Ta karɓa da hannu biyu, ta manna a ƙirji. Gobe sha ɗaya. Ga ta, ga takarda. Ta buɗe baki za ta ce "Baba, yafe min", sai yatsanta ya ji wani abu a gefen ambulan ɗin.

An yanka ta. Yanka mai kyau, na wuƙar ofis.

"K-ka ce b-bai buɗe ba."

"Bai buɗe ba, a gabana dai."

Ta juya fuskar ambulan ɗin. Tambarin makarantar ne, babu shakka. Amma sunan da ke ƙasa ba nata ba ne.

"Baba... g-guda nawa ne a j-jakar?"

"Ina na tsaya ƙirge? Na hango jan hatimi na fizgo. Mene ne? Ba ita ba ce?"

"T-ta Manaja ce."

"Ta wa?"

Ta zaro takardar. Idonta ya bi layukan a guje. Ana gayyatar Manaja ganawa, ajin manyan ma'aikata, gobe ƙarfe tara na safe, a gaban kwamiti ɗaya da wanda zai gan ta. Ya zo da wannan takarda. Zai kare aikin da ya gabatar, mai taken...

Ta karanta taken sau uku.

*Rage asarar guntayen sabulu ta hanyar sauya tazarar wayoyin yanka.*

Ko waƙafi bai canza ba.

Aikinta ne. Wata bakwai ta yi tana tsintar guntayen da injin ke zubarwa, tana aunawa, tana rubutawa a wani shuɗin littafi. Ita ta gano cewa in aka matsar da wayoyi biyu da faɗin ƙwayar shinkafa, abin da ake zubarwa zai ragu da rabi. Lokacin Manaja shugaban layi ne kawai. Ta kai masa littafin ya duba mata Turancin kafin ta tura makaranta. Ya riƙe shi mako uku. Bayan wata shida aka sauya wayoyin injin, aka hau da shi bene na biyar, ita kuma aka ba ta katan ɗin sabulu, wai kyautar ma'aikaciya mai tsafta.

Har murna ta yi da katan ɗin. Kai, duniya!

Yanzu komai ya zauna daram. Wanda bai zo ganawa ba, ba a buɗe fayil ɗinsa. Muddin ba ta taka makarantar ba, babu mai ganin take ɗaya a fayil biyu.

"Uwata, ki yi magana, kina tsorata ni. Kuskure na yi?"

"A'a, B-baba. Ka yi d-daidai."

"To taki fa?"

"T-tana jakar."

"Tana nan kuwa," in ji wata murya a bayansu.

*

Ba su ji takunsa ba. Manaja yana tsaye a bakin rumfar, kwat a hannu, baƙar jakar a buɗe. Mutum ne mai taushin murya. Ko korar ma'aikaci zai yi, sai ya tambaye shi lafiyar iyali. Yana murmushi, amma gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Baba Direba, sannu da aiki. Ƙanwata, yau ba layi?"

Ya tako ya matso kusa da su.

"Ina neman wata 'yar takarda tun ɗazu. Na zazzage ofis, har na yi wa Sakatariya faɗa a banza. Ashe tana hannu mai kyau." Ya miƙo tafin hannu. "Kawo."

Mai Biro ta mayar da takardar cikin ambulan, ta ja baya taku ɗaya.

"T-t-tawa."

"Taki?"

Ya sa hannu a jaka, ya zaro wata ambulan, fara, jan hatiminta ko taɓa shi ba a yi ba. Daga inda take tana hango sunanta.

"Wannan? Ajiye miki na yi. Ke yarinya ce, ba ki san mutanen nan ba. Su biyar ne a tebur, kowa da tambayarsa, minti goma sha biyar kacal. Ke da sunanki ma sai kin yi minti biyu. So kike su yi miki abin da aka yi miki a muhawara? Babanki ya ba ni labari, har ƙwalla na yi."

Baba ya runtse ido kamar an mare shi.

"M-musaya," ta ce. "B-ba ni, in b-ba ka."

Manaja ya yi 'yar dariya.

"Kin karanta tawa, ko? To kin san ba zai yiwu mu je mu biyu ba. Ki saurare ni da kyau. Kamfani ya ce duk wanda ba shi da wannan digiri ba zai wuce inda nake ba. In na hau, ke ma kin hau. Wata mai zuwa kujerar shugaban layi za ta zama fanko, taki ce. Baɗi ki rubuta wani sabon aiki, ni da kaina zan kai ki a motar nan."

"B-babu baɗi. S-sun ce an r-rufe."

"To Allah bai yi ba ke nan."

"A-aikina ne."

"Injin na wa? Sabulun na wa? Lokacin da kika yi awon, wa ke biyan ki? Duk abin da aka yi a ƙarƙashin rufin Tsani, na Tsani ne, ni kuma Tsani ya ɗora a kai."

Ya juya wurin Baba, muryar ta ƙara laushi.

"Baba Direba, ka san sunan abin da ka yi yau a dokar kamfani? Direba ya buɗe jakar ogansa. Ba ritaya ake yi wa mai wannan ba. Kora ce, ba ko sisi, kuma a kwashe kaya daga gida cikin kwana bakwai. Katin asibiti ma a ajiye a ƙofa. Ni ba na son haka, wallahi. Ka ce wa 'yarka ta ba ni takardata, in manta na taɓa barin jaka a mota."

Mai Biro ta dubi babanta. Ta ga furfurar da ke gefen kunnensa, ta ga takalmin da ya sha faci, ta ga gwiwoyinsa sun fara lanƙwashewa za su kai ƙasa. Zuciyarta ta karye. Gida ne fa. Magani ne. Shekara ashirin da tara ne. Hannunta ya fara miƙewa da ambulan ɗin, da kansa.

Ashe ba durƙusawa Baba zai yi ba. Tsummansa ya sunkuya ya ɗauka. Ya ninke shi huɗu, ya shimfiɗa a kan bonet. Ya ciro makullin mota daga aljihu ya ɗora a kai. Ya ɗora hular kaki a gefe.

"Yallaɓai, mota na da mai, na duba ruwa, tayar baya ta hagu tana son iska."

"Me kake nufi?"

Baba bai ko dube shi ba.

"Uwata."

"Na'am, B-baba."

"Sau uku ina miƙa masa abinki da hannuna. In kika miƙa masa na huɗu, ban yafe ba."

Murmushin Manaja ya ɗauke ɗif. Ya saki jakar ta faɗi. Direbobi biyu da ke cin abinci a ƙarshen rumfar sun daina tauna, wani ma har ya miƙe tsaye.

"Haka kuka zaɓa?"

Ya kama ambulan ɗinta da hannu biyu, yatsunsa a kan jan hatimin, ya ɗaga ta daidai fuskarta.

"Ba a buga ta sau biyu, kin sani. Zan ƙirga uku. Ɗaya."

Kalmar tana nan, ta taso ta tokare a bayan haƙora, ta ƙi fita. Littafinta yana ƙasa inda Baba ya ajiye shi, biro ya gangara ƙarƙashin mota.

"Biyu."

Ta ji ƙarar takarda ta fara tsagewa, kaɗan, daga gefe.

Sai ta ɗaga tasa. Ta kama ta da hannu biyu, yadda ya kama tata, yatsunta a kan nasa jan hatimin. Ta ja numfashi irin wanda ta yi shekara uku tana koya a gaban madubi, ta dube shi cikin ido.

"Y-y-yallaɓai, t-taka ma ba a b-buga ta sau biyu."

Bakinsa ya buɗe, "uku" ba ta fito ba.

"Yaga," ta ce, "in yaga."